Shuɗiyar Ƙofar Gurshal

Rawalpindi, Mayu 1994

Zuwa ga 'yata Meher,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki masu leƙa idanun mutane. Na ga yaranki ranar Juma'a wurin kakarsu, sun yi ɓul-ɓul. Ƙaramin ya biyo ni gareji ya tsoma hannu cikin gwangwanin jan fenti, kamar yadda uwarsa ta yi tana shekara biyar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hayaƙi da surutun direbobi.

Na je wurin likitan da kika dame ni da shi. Hawan jinin ido ne, in ji shi, kuma na makara. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa abin gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Daga gefe yake ci. Yanzu in na tsaya bayan mota, tsakiyar zanen nake gani tangaran, sai na juya wuya kamar kaza kafin in ga ƙarshensa. Ban gaya wa yaran gareji ba. Ke ma ki riƙe bakinki, in zai riƙu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Direba Gul Zaman, wanda zai kawo miki wannan, ya ce motarku ta asibitin ido za ta bi ta Gurshal. Ba ki taɓa zuwa ba, amma can aka binne cibiyata da ta mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ubana da ubanta wa da ƙani ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidajen. Na san ba kya rabuwa da littafin zanen nan naki da akwatin launukan ruwa. Ina so ki zauna gaban gidanmu ki zana mini shi. Shi ne na ƙarshe kafin magudanar ruwa, a ƙarƙashin dutsen nan mai tsaga a ka kamar an sare shi da gatari.

Za ki ce, haba Kawu, gidan da ka zana a bayan manyan motoci har ba su ƙirguwa? To ai nan gizo ke saƙar. Shekara arba'in ina zana shi, wannan direba ya ce ƙara mini ɗawisu, wancan ya ce ina tafki, wani ya ce sa kwale-kwale a tafkin, ni kuma mai neman na cefane ban taɓa cewa a'a ba. Yau in na rufe ido ban san wanne ne Gurshal wanne ne son ran direbobi ba. Ina so in ga na gaskiyar kafin fitilar ta mutu.

Yayata Zaitun tana nan a ciki, in ji masu zuwa. Kada ki ce ni na aike ki. Kin san labarin. Ina shekara goma sha bakwai na rantse gaban babanmu ba zan sake taka Gurshal ba sai a cikin motar kaina. Ya yi dariya ya ci gaba da gyaran garmarsa. Har ya rasu ban mallaki ko taya ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ba ni da bakin magana a can.

Ki tuna dokar da na koya miki: abin da ido ya gani, ba abin da zuciya ke so ba. Ni ciki ne ya sa na karya ta, ke ba ki da uzuri.

Kawunki,
Niyat Wali

*

Gilgit, Yuni 1994

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka jaje a kan maganar ido. Na karanta takardarka a bayan tantinmu don kada 'yan aiki su ga fuskata. Don girman Allah ka riƙa ɗiga maganin safe da yamma, ba sai ka tuna ba. Na san halinka, za ka ajiye kwalbar cikin buroshi ka manta. Ni lafiyata ƙalau, sai leɓe da ya tsage saboda iska.

Littafin ya kusa rabi. Akwai gadar igiya da na zana, sai da na haye ta kafin na zauna. Akwai wani tsoho da muka cire masa yanar ido, da aka kwance bandeji matarsa tana tsaye a gabansa, amma ya ce a kawo masa akuyarsa ya gani tukuna. Na zana shi da akuyar, na zana matar tana harararsu. Launin ƙasa ya ƙare mini tun a kwari na biyu, yanzu da ragowar shayi nake shafa duwatsu. Ka yi dariya in ka ga dama, ya fi wanda ake sayarwa kama da su.

Mun kwana a Gurshal. Da muka sallami mutane na ɗauki littafi na bi magudanar ruwa har ƙarshe. Na tarar da gidan a kulle. Wata maƙwabciya ta ce Inna Zaitun ta hau da awaki makiyayar bazara tare da sauran mata, ba za su sauko ba sai sanyi ya fara. Don haka sirrinka yana nan, ban sami wanda zan gaya wa ba.

Kawu, gabana ne ya faɗi da na ga gidan. Ji na yi kamar a ciki na girma, alhali a bayan motocinka kawai na san shi. Ga dutsen da tsagarsa. Ga rufin ƙasa. Ga ƙofa shuɗiya, ga bishiyar kubani, mai 'ya'yan zaƙin nan da ake busarwa, a damanta ta yi wa bango inuwa, 'ya'yan ba su nuna ba tukuna. Na zauna a kan wani dutse na zana har rana ta faɗa bayan tsauni, yatsuna suka ƙage. Na yi ta tunanin Mama tana yarinya tana tsallake katangar nan, na yi kukana ni kaɗai na share.

Ka kwantar da hankalinka, ƙwaƙwalwarka ba ta ci amanarka ba. Tafki da ɗawisu da kwale-kwale ne kawai babu. Ban taɓa yanke shafi daga littafin nan don kowa ba, amma ga shi na yanke maka. Ka ajiye shi nesa da yaran gareji da hannayensu.

Taka,
Meher

*

Rawalpindi, Yuli 1994

Meher,

Ina fata kina lafiya. Mu ma muna nan.

Zanenki ya iso. Hannunki ya faɗa, ba zan hana ki wannan ba. Amma ban aike ki don ki yi mini wasan yara ba.

Na manta abubuwa da yawa, amma ƙarya biyu da na yi da hannuna na san su sarai. Ƙofar gidanmu ba ta taɓa ganin fenti ba. Wa ke da fenti a Gurshal a zamaninmu? Katako ne tsurarsa, hayaƙi ya baƙanta shi. Shuɗin nan ni na ƙago shi. Ranar da maigidana ya fara barina in zana bayan mota ni kaɗai, shuɗi ne kawai ya rage a gwangwani, na shafa, direban ya yaba, shi ke nan ya bi ni. Ita kuwa bishiyar, ke da kika girma a gareji kin san akwai ƙarfen sakata a dama na marfin bayan mota, mummuna, ba ya karɓar zane. Na ɗora gindin bishiya a kansa don in ɓoye shi. A wurin nan tarin itacen girki babanmu yake ajiyewa, ko ciyawa ba ta taɓa fitowa ba.

To ki gaya mini, ta yaya kika ga abin da babu? Ɗayan biyu ne. Ko dai ba ki je ba, kika tsaya bakin titi kika kwafi bayan wata mota. Ko kuma kin je kin tarar da kango, tausayin tsoho makaho ya kama ki. Na biyun nake tsoro. In gidan ya rushe ki ce ya rushe. In Zaitun ta riga mu gidan gaskiya ki faɗa mini, ba ki ce mini ta tafi da awaki ba. Ni ba jinjiri ba ne da za a rarrashe ni da hoto.

Abu ɗaya na roƙe ki a duniya. Ga zanenki na mayar miki.

Niyat Wali

*

Rawalpindi, Satumba 1994

'Yata Meher,

Gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Gul Zaman ya dawo jiya baƙi ƙirin da ƙura, ya ce dutse ya zaftaro ya toshe hanya, motoci sun yi makonni a jere suna dafa shayi a gindin taya. Na ce wa kaina to hanya ce ta riƙe amsarki. Sai wata zuciyar ta ce a'a, bakinka ne ya riƙe ta.

Shekaranjiya na yi fatali da gwangwanin kore, yana nan dab da ƙafata ta hagu ban gan shi ba. Yaran gareji suka yi kamar ba su gani ba, ɗaya ya zo ya zuba ƙasa a kai yana waƙa. Ashe duk sun sani. Wannan ya fi mini ciwo a kan su yi dariya.

Ina ɗiga maganin. Yaranki lafiya, babbar ta fara tambayar yaushe za ki dawo.

Zanen nan da na mayar miki, ki sake aiko mini da shi. Ko na ƙarya ne ina so. Tun da ya bar hannuna nake ganinsa.

Kawunki mai kaifin baki,
Niyat

*

Gilgit, Oktoba 1994

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fata ido ya yi sauƙi. Ina lafiya. Takardarka ta Yuli ta iso kafin dutse ya faɗo, ta Satumba bayan an buɗe hanya. Ba zan ɓoye maka ba, ta farkon ta ƙona mini rai. Ni da ka dinga buge wa hannu in na ƙara wa kyanwa gashin baki, ni ce zan kwafi bayan mota? Na rubuta maka amsa mai zafi har shafi biyu, na hura wutar shayi da ita. Na ce gani ya kori ji, bari awaki su sauko.

Ranar hutuna na hau motar kaya na koma Gurshal. Na tarar da ƙofar a buɗe, wata 'yar tsohuwa tana shanya kubani a kan rufi. Ban tambayi ko wace ce ba, girarka ce a fuskarta. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar wa, kike kallon gidan mutane kamar mai shirin saye?" Na ce 'yar Gul Nisa. Kawu, ban san tsohuwa na iya sauko tsani da irin wannan gudu ba. Ta rungume ni tana kiran sunan Mama, ta ɗura mini shayi mai gishiri kofi uku.

Na ba ta littafin. Ta yi ta buɗawa da yatsa mai man shanu, yanzu akwai tambarinta a kan gadar igiya har abada. Da ta zo kan shafin da ka mayar, wanda na liƙa a wurinsa, sai na ce, "Inna, wa ya yi wa ƙofar nan fenti?"

Ta ce, "Ni mana. Aljani ne zai yi?"

Na ce, "Me ya sa shuɗi?"

Ta ce, "Ki tambayi wanda ya aiko ki." Ban faɗi sunanka ba, wallahi. Ta nuna fensirin da ke hannuna ta ce duk wanda ya riƙe fensir kamar yana riƙe da wutsiyar ɓera, ta san wa ya koya masa.

Ga labarin yadda ta ba ni. Shekarar da aka buɗe babban titi a ƙasan ƙauye, ta sauka sayar da kubani wurin mai shayi inda direbobi ke tsayawa. Wata mota ta juya mata baya, sai ga dutse mai tsaga. Ta ce, "Kwandon ya faɗi daga kaina. Na ce wannan hannun Niyat ne, haka yake zana dutsen nan da gawayi a bangon turken awaki Baba yana bin sa da sanda. Sai na duba ƙofa, shuɗiya! Ga bishiya inda muke tara itace. Na ce wayyo, yaron nan ya manta gida. Ran da ya zo zai nemi shuɗiyar ƙofa, ya wuce gidan ubansa ya yi ta bulayi cikin gari kamar baƙo."

Ta ba wani direba kwandon busasshen kubani ya kawo mata fenti daga birni. Ta kwashe itacen ta mayar bayan gida, ta binne ƙwallon kubani a wurin, ta yi ta ɗebo masa ruwa daga magudana. Mutanen gari suka ce Zaitun ta taɓu. Duk shekara biyu tana sake shafa ƙofar, don sanyi yana cin fenti. Kuma har yau tana sauka bakin titi ta zagaya bayan motoci ta ga me ka ƙara.

Ta ce, "Ɗawisu na yi tambaya, aka ce sanyi zai kashe shi. Tafki kuwa, ki ce masa ya ji tsoron Allah, ni tsohuwa ce, da me zan haƙa?"

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Sai na kawo maganar rantsuwa. Ta ja tsaki ta ce, "Rantsuwar ɗan yaro! Shekarar da Baba ya rasu na ciyar da miskinai goma na yi wa Niyat kaffara, ya je ya tambayi liman. Wai motar kansa. Kullum motocinsa suna wucewa ta nan, shi kaɗai ne ba ya ciki."

Kawu, ka yafe mini, bakin bai riƙu ba. Na gaya mata maganar ido. Ta tashi ta je ta tsaya gaban ƙofar tana shafa ta da tafin hannu. Can ta ce, "Shuɗi fa, yana ganinsa har yanzu?" Na ce yana gani, in ya dube shi kai tsaye. Ta ce, "To zan ƙara mata shafi kafin dusar ƙanƙara, ta yi haske sosai."

Da zan tafi ta riƙe mini mayafi ta ce, "Abu ɗaya ke ba ni haushi da shi. Duk shekarun nan bai taɓa zana mutum a gidan ba. Ƙofa a rufe, ba hayaƙi, ba kowa. Ya sa tsuntsu, ya sa jirgi, bai sa ni ba. Ya ɗauka mun mutu ne?"

Shi ya sa na zaunar da ita bakin ƙofa na zana ta. Ba ta zauna wuri ɗaya ba, tana ta korar akuya, don haka hannunta na dama ya fito kamar guda biyu. Abin da ido ya gani ke nan. Na yanke maka shafukan duka biyu. Ƙunshin da ke tare da su kubani ne daga bishiyar da ka dasa a kan ƙarfen sakata.

Yanzu ba 'yarka ce ke magana ba, ma'aikaciyar ido ce. Kada ka ce sai bazara.

Taka,
Meher

*

Rawalpindi, Oktoba 1994

'Yata,

Gaisuwa da godiya, da ban haƙuri a kan abin da na rubuta miki. Tsoho ya yi ɓarin baki, ki yafe. Lafiyata ƙalau, yaranki ma haka.

Na buɗe ƙunshin a tsakiyar gareji. Na sa ɗaya a baki, sai ido ya ɓalle da hawaye. Na ce wa yara warin fenti ne. Shekara arba'in ina shaƙarsa bai taɓa sa ni hawaye ba, amma suka ce e, Ustaz, fentin bana ƙarfi gare shi. Na raba musu ɗaya-ɗaya, sauran na ɓoye.

Na daɗe ina kallon Zaitun. Sai da na bi shafin kaɗan-kaɗan, fuska tukuna, sannan hannu, sannan ƙofa. Na bar ta da kitso har baya tana tsere da ni a kan katanga. Wa ya ba ta izinin tsufa haka? Ashe karin maganar nan da na rubuta miki ba kullum take gaskiya ba. Ni na bar gida, shi kuwa biyo ni ya yi ta yi.

Motar Gul Zaman ta shigo gyaran bodi, na ce bayan nawa ne, kada yaro ya taɓa. Na zana dutse, na zana gida. Ba tafki, ba kwale-kwale. Ya zo yana kumfar baki wai ina ɗawisunsa, na ce sanyi ya kashe shi. Na buɗe ƙofar, na sa hayaƙi a rufi, na zaunar da tsohuwa a gindin bishiya. A kan hanya kuma, gefen magudana, na sa wani tsoho da jaka a kafaɗa. Layukan ba su miƙe kamar da ba, amma za ta gane. Duk abin da na zana ta yi ta cikawa ita kaɗai. Wannan tsohon ba a samunsa wurin direbobi, ni zan cika shi.

Za mu taso ranar Alhamis mai zuwa in Allah ya yarda, ina gaba kusa da Gul Zaman. Na ba wani direba wannan takarda don ta riga ni. Ki jira ni wurin mai shayin nan na bakin titin Gurshal, ki kama ni ta hagu in za mu hau, don ba na ganin bakin hanya. Ki taho da littafinki.

Ki aika wa Zaitun kada ta taɓa ƙofar nan. Na ga a zanenki duk ta bar sawun buroshi, aikin 'yan koyo. Na sayi gwangwanin shuɗi mai kyau, yana cikin jakata. Na bana ni zan shafa.

Kawunki,
Niyat Wali